Tarihin Firaji Kohen na Darna, Wanda Ya Ƙi Ɗaga Hannuwansa

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Firaji ɗan Hamus Kohen a garin Darna da ke gaɓar tekun Libiya, cikin watan Oktoba na shekarar 1911, a daidai ranar da jiragen ruwan Italiya suka buɗe wa garin wuta. Naƙuda ta kama mahaifiyarsa, Zula 'yar Babani, tana cikin gudu tare da matan unguwar Yahudawa zuwa lambunan kwari, saboda haka a gindin ayaba aka yanke masa cibi, rugugin igwa na tashi daga bakin teku. Ungozomar da ta karɓe shi ta ɗaga shi ta ce, "To, sarkin gaggawa, ga duniyar nan, sai ka ga abin da ka taras."

Mahaifinsa maƙerin tagulla ne, kuma Kohen, wato daga zuriyar Annabi Haruna ta wajen uba. Wannan nasaba ba ta kawo wa gidan dukiya ba, sai dai alhaki biyu da kowane ɗa namiji yake gada. Na farko, su ne masu hawa gaban majami'a su cire takalma, a zuba musu ruwa a hannu, su lulluɓe da mayafin addu'a, su ɗaga hannuwa su sa wa jama'a albarka. Na biyu, ba sa kusantar gawa in ba ta ɗan'uwa na jini ba, kuma hannun da ya yi sanadin mutuwar wani, ko da bisa kuskure, ba ya sake ɗaguwa don albarka.

Karatunsa, Sana'arsa da Aurensa

A shekarar 1916 aka sa shi makarantar Attaura ta unguwa, inda ya yi suna wajen ƙarfin murya fiye da ƙarfin hadda. Da ya kai shekara goma sha uku ya fara tsayawa bayan mahaifinsa a wajen albarka, ya kuma kama sana'ar gidan: ɗinke tukunyar da ta fashe da shafa wa tagulla kuza. Ya tashi ƙato mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, wanda ake kira idan jaki ya faɗa rami.

A shekarar 1934 ya auri Galiya 'yar Hai Nahum, mace mai kaifin harshe da saurin yafiya. Kafin yaƙi ya iso Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Shekarun Jado

A tsakiyar shekarar 1942 hukumar Italiya ta kwashe Yahudawan Darna da na sauran garuruwan gabas a manyan motoci, ta ratsa da su hamada zuwa wani tsohon barikin soja a Jado, can kan duwatsun Nafusa, ta kewaye su da waya mai ƙaya. Abinci ɗan burodi ne wanda bai cika tafin hannu ba. Da sanyi ya shigo, zazzaɓin ƙwarƙwata ya ɓarke, ya soma da jarirai da tsofaffi, sannan ya daina zaɓe. A cikin wata guda Firaji ya rasa mahaifinsa, da ƙannensa maza biyu, da ƙaramar 'yarsa.

Da masu ɗaukar gawa suka ƙare, malamin Darna, Rabbi Sasi, ya kira shi. Firaji ya tuna masa cewa shi Kohen ne. Malamin ya ce, "Na fi ka sani, ni na yi maka kaciya. Gawar da ba ta da mai binne ta, ko babban limamin Haikali ne ya tarar da ita, shi zai ɗauka. Tashi, ɗana." Daga ranar ya zama mai goya matattu zuwa gangaren dutsen da ke bayan waya, soja ɗaya na binsa da bindiga.

Wata safiya cikin Disamba aka ɗora masa Bakor mai ɗinkin takalma, maƙwabcinsa tun na Darna. Sun kusa ramin ke nan sai ya ji ɗumin numfashi a wuyansa, gawar ta yi tari. Ya juya ya ce wa sojan mutumin nan yana da rai. Sojan ya make shi da gindin bindiga, ya ce babu mai komawa ta ƙofar nan sai wanda ƙafarsa ta ɗauke shi. Firaji bai jefa Bakor a rami ba. Ya kwantar da shi a jikin wani dutse, ya cire rigarsa ta sama ya rufa masa, ya koma da niyyar dawowa da wata gawar ya duba shi. Bai dawo ba. A ranar zazzaɓin ya kayar da shi, kuma bai san inda kansa yake ba sai bayan da sojojin Ingila suka buɗe sansanin a ƙarshen Janairun 1943.

Komawarsa Darna

Ya koma gida da matarsa da 'ya'ya biyu a ƙarshen shekarar 1943, ya tarar babu ko ƙofa a shagonsa. Ya kuma tarar shi kaɗai ne baligin Kohen da ya rage a garin.

A Asabar ta farko da aka sake buɗe majami'a, Halafu Balawiye, wanda gadonsa ne zuba wa Kohen ruwa, ya fito da buta da tasa yana washe baki. Iyaye maza suka jawo 'ya'yansu ƙarƙashin mayafansu suna jira. Firaji ya miƙe, ya dubi tasar, ya juya ya fice waje. Haka ya yi a Asabar ta gaba, haka a Idin Ƙetarewa, haka a Ranar Kaffara. Kusan shekara uku jama'ar da ta fi kowa buƙatar albarka tana tashi daga addu'a babu ita.

Halafu, wanda ba a taɓa jin bakinsa ya huta ba, yakan bi shi har shago. "Kai Kohen, butar nan ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Kullum in cika ta, in mayar da ruwan rijiya. Ko so kake in riƙa sa maka ruwan wardi?"

Firaji sai ya ci gaba da bugun tagullarsa. A gari kuwa maganganu suka yi yawa: wasu suka ce imaninsa ya mutu a Jado, wasu suka ce ƙila akwai aibi a nasabar gidan. Galiya kaɗai ta san cewa mijinta ba ya yarda ko ɗansa ya hau bayansa, kuma idan iska ta taɓa masa wuya sai ya zabura kamar an sa masa garwashi. Ta tambaye shi har ta gaji, bai faɗa mata dalili ba.

Shaidar da Ta Tsayar da Aure

A farkon shekarar 1946 wani mai shagon yadi, wanda matarsa ta rasu a sansanin ta bar masa yara ƙanana, ya nemi auren Rubina matar Bakor. Shari'arsu ba ta ɗaura wa mace aure sai an sami wanda ya ga mijinta a mace, in kuwa ba a samu ba, haka za ta zauna har tsufa, ita ba mai miji ba, ita ba gwauruwa ba. Kowa ya san wanda ya ɗauki Bakor, don haka aka ɗauki shaidar a matsayin cika ƙa'ida kawai. An ma riga an sayi lalle.

Rabbi Sasi ya zauna da dattawa biyu, Rubina na daga bakin ƙofa. Ya ce, "Firaji, kalma ɗaya muke so mu tashi. Ka ga Bakor a mace?"

Kalma ɗayar nan za ta 'yanta Rubina, ta kuma rufe asirinsa har abada. Firaji ya dubi hannuwansa, ya ce, "Da rai na ajiye shi, Rabbi."

Ya ba da labarin daga farko har ƙarshe. Rubina ta yi kansa da kuka. "Shekara uku kana gaishe ni a hanya! Ka bar shi sanyi ya ci, yanzu kuma ni ka zo ka ɗaure? Da ka yi shiru mana, tunda shi ka iya!"

Malamin ya yi ƙoƙarin nuna masa cewa wanda bindiga ta tilasta ba mai kisa ba ne. Firaji ya ce shi dai ya san mutum ya yi tari a wuyansa, ya kuma tafi ya bar shi. Aure ya tsaya, unguwa ta daina kai masa gyaran tukwane.

Bayan mako guda ya koma wajen malamin ya ce zai tafi Jado ya nemi labari a ƙauyukan da ke kewaye. Malamin ya gargaɗe shi da wani sharaɗi: ana karɓar maganar wanda ba Bayahude ba a kan mutuwar miji, amma sai in shi ya kawo zancen da kansa a cikin hira, bai san abin da ake nema ba. In aka tambaye shi, ko da sau ɗaya ne, maganarsa ta faɗi, Rubina kuma ta rasa hanyarta ta ƙarshe. Dole kuma wani ya bi shi ya ji da kunnensa. Babu wanda ya yarda, domin watanni kaɗan kafin nan an kashe Yahudawa da yawa a tarzomar Tarabulus, hanyar kuwa ta nan ta bi. Halafu ne kaɗai ya ɗaga yatsa.

Galiya ta dafe kai. "Aikin da ake son a yi shiru shi ne za a tura Halafu? Wannan da ko cikin barci yake ba matarsa labari?"

Halafu ya ce, "Yaya Galiya, ki zuba ido. Bebe za ki ji an ce ya bi mijinki."

Tafiyarsa Dutsen Nafusa

Sun tashi bayan Idin Ƙetarewa na shekarar, suka hau motocin kaya har Tarabulus, daga nan suka sayi jaki suka haura dutse a matsayin masu gyaran tukwane. Dabararsu ɗaya ce. Duk ƙauyen da suka sauka, Firaji ya hura wuta ya kama aiki, idan aka tambaye su daga ina, su ce daga Darna, su yi shiru su jira. Ƙauye bayan ƙauye ana ce musu, "Kai, da nisa," a wuce wani zancen. Da suka bi ta gefen tsohon barikin Firaji ya yi amai a bakin hanya, ya goge baki, ya ja jakinsa.

A wani ɗan ƙauye da ke ƙasan gangaren, wani dattijo mai gonar zaitun, wanda ake kira Ammi Masa'ud, ya kawo musu tukunya uku, ya ce ba za su yi masa aiki a rana ba, su shigo inuwa. Ya ɗora shayi. Da ya ji sunan Darna sai ya tsaya da butar a sama.

"Darna mai ayaba?"

Halafu ya buɗe baki. Firaji ya ɗora masa guduma a kan yatsan ƙafa, ya danna.

Firaji ya ce, "Ita fa, Ammi."

Dattijon ya ce, "Hmm," ya zuba shayi, ya shiga zancen farin da aka yi bara. Kofi na farko ya wuce a kan tsadar sha'ir. Na biyu ya tafi a kan wani surukinsa da ya ci masa iyakar gona. Gumi ya jiƙa Halafu sharkaf, ya tura gefen rawaninsa cikin baki yana tauna. Dattijon ya dube shi.

"Abokin naka lafiya? Ko haƙori ne?"

"Haƙori ne, Ammi. Ya daɗe yana damunmu."

Sai a kofi na uku, mai gyaɗa, tsohon ya miƙe ƙafa ya nuna takalminsa. "Kun ga wannan? Ɗan garinku ne ya ɗinka shi, har yau bai ɓalle ba. Ba a taɓa damuna da ayaba kamar yadda mutumin nan ya dame ni ba. In ba shi ɓaure mai kyau, ya ce ai da na ɗanɗana ayabar Darna da na sare bishiyoyina."

Firaji bai ɗago ba, ya ci gaba da goge tukunya. Tsohon kuwa zance ya kama shi. Ya ce lokacin Italiyawa, wata safiya mai tsananin sanyi, ya fita neman akuyarsa a gangare ya ji tari a jikin dutse, ya tarar da mutum an rufa masa wata ƙatuwar riga wadda mutum biyu za su shige. Ba don rigar ba da bai kai hantsi ba. Ya ɗora shi a jaki ya lulluɓe da itace, ya ɓoye shi a ramin da suke matse zaitun, matarsa tana ɗura masa madarar akuya da kunun sha'ir har zazzaɓin ya sake shi. Ya miƙe, ya yi ƙiba kaɗan, ya ɗinke takalman gidan kaf har da na maƙwabta. Da sojojin Ingila suka zo aka ce ya koma wajen mutanensa a sansanin, ya rantse ko gawarsa ba za ta sake shiga cikin waya ba, ya ce a bari ƙafafunsa su yi ƙwari ya tafi gida da kansa.

"Bakor sunansa, matarsa Rubina, har yaran gidan nan sun haddace. Kullum yana cewa wani maƙwabcinsa ne ya goyo shi ya ƙi jefa shi rami, in ya koma zai yi masa takalman da babu irinsu. Allah bai nufa ba. Ana shirin girbin sha'ir ciwon ƙirji ya kama shi, a hannuna ya cika. Ni na rufe masa ido, ni da 'ya'yana muka binne shi can gindin zaitun ɗin da ke sama. Ban san sallar mutanensa ba, na dai ce Allah ya karɓi baƙonsa."

Halafu ya zare rawanin daga bakinsa ya fashe da kuka, ya rungume tsohon yana sumbatar kansa. Ammi Masa'ud ya ce, "Ikon Allah, haƙorin ne har yanzu?"

Firaji kuwa ya ajiye tukunyar, ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tagulla. Sai da suka tabbatar tsohon ya gama ba da labarin don kansa sannan suka gaya masa ko su wane ne. Ya kai su kabarin. Firaji ya tsaya daga nesa kamar yadda aka hori Kohen, Halafu ya matsa ya karanta addu'ar matattu. Sun kwana biyu a gidan, Firaji ya shafa wa duk tagullar ƙauyen kuza, ya ƙi karɓar komai.

Komawarsa Ga Albarka

Sun iso Darna a farkon bazara. Halafu ya ba da shaida a gaban Rabbi Sasi da dattawa, ya rama duk shirun da ya yi a hanya, har malamin ya roƙe shi ya taƙaita. An yanke hukunci cewa Rubina gwauruwa ce. Ta yi zaman makoki na gaskiya wanda ba ta samu yi ba a da, sannan aka ɗaura aurenta. Ta aika wa Galiya da kwanon alkaki, tare da saƙon cewa a gaya wa Kohen ta janye rabin abin da ta faɗa.

A Asabar ta farko bayan hukuncin majami'a ta cika har mata suna leƙe ta taga. Da lokaci ya yi, Halafu ya fito da buta da tasa, wannan karon babu dariya a fuskarsa. Firaji ya miƙe. Ya sunkuya ya kwance takalmansa, ya miƙa hannuwa, ruwa ya zuba. Ya hau, ya ja mayafi ya rufe kansa, iyaye suka jawo 'ya'yansu, har da marayun Jado waɗanda kowa ya ja na kusa da shi. Muryarsa ta sarƙe a kalmar farko, malamin ya maimaita masa, ya sake ɗauka, ta fito da ƙarfinta na da. Waɗanda suka halarta sun ce ba a taɓa jin amin irin ta ranar ba a Darna.

Da aka fito Galiya ta tare shi a ƙofa ta ce, "Yanzu sai ka ɗauki yaron nan a kafaɗa, ƙafarsa ta gaji." Ya ɗauke shi har gida.

Shekarunsa na Ƙarshe

A shekarar 1950, da yawancin jama'ar Darna suka yi ƙaura, ya koma Bangazi da iyalinsa ya buɗe shagon kayan tagulla, inda aka haifa masa sauran 'ya'yansa. Tarzomar watan Yunin 1967 ta ƙone shagon, aka fitar da su daga ƙasar da akwati ɗaya ɗaya, suka sauka a birnin Rum, ƙasar mutanen da suka taɓa tsare shi. Bai taɓa koyon harshensu da kyau ba, bai kuma taɓa zagin ɗayansu ba. Mafarkin Jado bai bar shi ɗungum ba, amma ya daina ɓoye shi, yakan ba jikokinsa labarin idan sun tambaya. A majami'ar 'yan Libiya da ke birnin bai fasa hawa albarka ba har ƙarshen ransa, ko da ya zamana sai 'ya'yansa biyu sun tallafe shi.

Rasuwarsa

Ya rasu a gidansa cikin watan Maris na shekarar 1986 bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da huɗu. An binne shi washegari a maƙabartar Yahudawa ta birnin, a sahun farko na bakin hanya, inda ake ajiye zuriyar Haruna domin 'ya'yansu su iya ziyara ba tare da sun shiga tsakanin kaburbura ba.

Ya bar matarsa Galiya, da 'ya'ya biyar: Hamus, wanda ya gaje shi a sana'a, Misa, ungozoma, Binhas, malamin makaranta, Rahmin, mai shagon yadi a Milano, da autarsu Zula, wadda daga bakinta aka ji yawancin abin da ke cikin wannan tarihi. Ya kuma bar jikoki goma sha tara. Kamar yadda mutanensa ke yi wa mamaci addu'a: Allah ya sa ransa a ɗaure cikin ƙullin masu rai.